Ragowar Mai a Famfon Hulda

"Kowa ya tsaya inda yake! Hannu sama!"

Dewey Stroud ne ya daka tsawar tun kafin mota ta gama tsayawa. Ya diro cikin taɓo da bindiga a hannu. Amma babu wani kowa a wurin sai tsohuwa ɗaya da kajinta, tana tsaye gefen jan famfon mai, a ƙofar tsohuwar maƙerar mijinta.

Orval Ketchum bai ko dube ta ba. Hankalinsa na kan ƙanensa Lonnie, wanda ya kifa kai a kan sitiyari. Tun daga bankin da suka fasa da hantsi yake tuƙi da harsashi a ciki, har jini ya cika masa takalmi.

"Yaya, mun iso?"

"Mun iso. Yi shiru."

Tankin motar yana ƙarƙashin kujerar gaba, dole a sauke Lonnie kafin a zuba mai. Orval ya rungumo shi, ya kwantar da shi a inuwar rumfa, ya lulluɓa masa bargo.

"Ke, ya sunanki?" in ji Dewey.

"Hulda Brandt."

"To Hulda, cika mana tanki. Maza!"

Tsohuwa ta kama hannun famfon tana turawa gaba da baya. Man ya fara hawa cikin tulun gilashin da ke sama, a hankali, kamar mai jin kunya. Dewey ya tunkuɗe ta.

"Tsoho, zo ka buga abin nan! Wannan sai ta kai mu gobe!"

Orval ya karɓa. Shi mutumin doki ne. Shekaru ya yi yana tare hanya a dajin Kansas, bai taɓa tsayawa roƙon kowa abin da dabbarsa za ta ci ba. Dewey ne ya zo musu da zancen mota, Lonnie kuma ya haukace a kanta. Ya buga da iya ƙarfinsa. Man ya hau, ya hau, bai kai rabin gilashi ba famfon ya fara tari. Iska kawai.

"Me ya faru? Buga mana!"

"Ya ƙare," in ji Hulda. "Amalanken mai bai zo ba. Tun ruwan da aka yi dawakinsu suka kasa haye rafi."

"Ƙarya kike!"

"Leƙa ramin da kanka, ɗana."

Ya ɗora mata bakin bindiga a goshi. Ba ta ja da baya ba.

"Ko ka kashe ni ba zai ƙaru ba. Kuma 'yan sanda sun bugo mini waya tun ba ku iso ba. Sun ce ba sai sun wahalar da kansu ba, duk hanyar nan babu inda za ku sha mai sai nan."

Orval ya juya. Ya dubi hanya. Can nesa, a kan tudu, wasu baƙaƙen abubuwa guda biyu suna gangarowa.

Dewey ma ya gani. Ya fizgi tiyo, ya juye abin da ke gilashin cikin tanki, ya mayar da kujera.

"Tsoho, murɗa mana ita ta tashi!"

Orval ya ruga gaban mota, ya kama ƙarfen tayarwa. Ya murɗa – shiru. Ya sake murɗawa – ta yi gurnani, ta kama. Ya koma rumfa da gudu, ya durƙusa zai ɗauki Lonnie.

Sai ya ji sanyi a bayansa, da wari. Ya waiga. Dewey ne tsaye a kansu, yana zazzage ragowar man tiyo a kan rigarsa da bargon Lonnie.

"Dewey! Ka haukace?"

"Man nan ba zai ja mutum uku ba. Balle ɗaya gawa ne."

"Yana numfashi! Shi ya fito da mu daga garin nan!"

"To ka gode masa a madadina."

Ya faɗa mota. Orval ya zaro bindiga, ya saita ƙeyarsa. Ga ta nan kusa, ko yaro ba zai kuskure ba.

"Harba mana, tsoho!" in ji Dewey, yana dariya.

Hulda ta rataya a hannunsa da duk nauyinta.

"Kada! Don Allah kada! Tartsatsi ɗaya ya isa, da kai da yaron nan duk za ku kama!"

Yatsansa na kan kunamar bindiga. Mai na ɗiga daga gwiwar hannunsa zuwa kan bargo. Yana kallo motar ta fantsama taɓo, ta hau hanya, ta yi ƙanƙanta.

Ya jefar da bindigar, ya ruga bayan maƙera.

"Doki! Iya, kina da doki? Ko alfadari?"

"Mun sayar da su mun sayi famfo."

Ya banke ƙofar bargar duk da haka. Tayoyi ne a jere, da gwangwanayen baƙin mai.

Da ya dawo ya tarar Hulda ta yaye bargon, ta ɗora kan Lonnie a cinyarta tana jiƙa masa leɓe da ruwa.

"Yaya... ban ji ƙarar injin ba. Ta mutu ne?"

"A'a. Hutawa take."

"Kar ka bar Dewey ya tuƙa. Bai iya ba... zai lalata ta."

"Ba zan bar shi ba."

Daga nan Lonnie ya cika.

'Yan sanda suka iso, suka kewaye rumfar suna ihu. Orval bai ɗaga hannu ba, don yana riƙe da na ƙanensa. Sai da suka ɓamɓare yatsunsa kafin su sa ankwa. Mota ɗaya ta wuce bin Dewey. Kafin la'asar ta dawo da shi a shimfiɗe a baya. Man ya ƙare masa a tsakiyar gonakin alkama, ya fita da gudu da jakar banki, aka harbe shi. Mai gadin bankin da su Orval suka harba ma, suka ce, ya cika a hannun likita, ya bar mata da 'ya'ya. Wannan kuma igiyar rataya ce ke jiran duk wanda ya rage.

Da za su tura shi mota, Orval ya juyo wajen tsohuwa.

"Iya, ina za a kai ƙanena?"

"Ramin gwamnati, in babu mai karɓa," in ji wani ɗan sanda.

Hulda ta dubi jinin da ya ɓata mata zane.

"Akwai wuri kusa da kabarin mijina," ta ce. "Ku bar mini shi."