Nishin Malam Tanimu

Warwarau, na'urar maganin daji, na gurnani a saman gadajenmu kamar kyanwar da ta ƙoshi. Bututu ɗaya na zuba magani a jijiya, ɗaya na jan jini zuwa matatar da ke tace shi. Ta taga kana hango jiragen haya na giftawa tsakanin benayen Sabuwar Kano. Ni Barau, mahaucin da bijimi ya taɓa cillawa sama ya dire a tsaye, dajin jini ne ya kwantar da ni a ɗakin nan, kuma da ƙafata na fita.

Ban yi boko ba, amma bayanin Likita Asabe na riƙe shi tsaf. Ta ce kowace ƙwayar jiki da zare a cikinta, nannaɗe a kan wasu 'yan mazarai da ake kira histon. Warwarau na sa mugayen ƙwayoyi su saki mazaran, su kuma su huda ƙwayar daga ciki ta mutu. Amma in suka malalo cikin jini da yawa ba sa tantance mai laifi, har ƙoda hudawa suke. Jiki na jin zafin tun allo bai nuna ba, shi ya sa aka yi wa na'urar kunne. Ka yi nishi, ta rage magani, ta ƙara tacewa.

"Kada wanda ya yi mini jarumta," in ji ta.

Ni nishina har ɗakin mata ake ji. Ba ragwanta ba ce, iya zama da inji ne.

A gadon kusa da ni akwai Malam Tanimu, tsohon tela, Bazazzagi. Ranar da za a yi masa babban zubin magani, asibiti suka ce za su yi masa gata. Suka turo Nuhu, ma'aikacin na'urar, mijin 'yarsa ta fari, ya zauna da shi.

Nuhu ya durƙusa ya gaishe shi, ya ja kujera, ya kafa ido a allo. Ina zai kalli fuskar surukinsa? Ni na kalla. Kafin azahar gumi ya jiƙa matashin Tanimu, yatsunsa sun damƙe ƙarfen gado, baki a rufe gam.

"Bazazzagi, yi nishi mana. Ko a Zariya ba a koya muku ba?"

"Ji da bakinka, Bakano," ya ce ta tsakanin haƙora.

"Baba, akwai zafi?" Nuhu ya tambaya, kansa a sunkuye.

"Alhamdu lillahi."

Warwarau ta ji godiya, ta ƙara magani.

Na kwarara nishi a madadinsa, sai shegiyar ta rage nawa. Na dubi jakar fitsarinsa da ke rataye a gindin gado, tun safe ba ta ƙaru ba.

"Kai yaro, tashi ka fita."

"Baba Barau, an hana ni barin na'urar."

"Dattijon nan zai mutu bai yi kuka a gabanka ba. Fita ka kira likita, kuma ka ja ƙofar."

Sai a lokacin ya ɗaga ido ya dubi Tanimu. Ya ruga waje, takalminsa ma a nan ya bar shi.

Ƙofa na rufuwa Tanimu ya saki wata ƙara. Na shekara arba'in a mayanka, ban ji irinta ba. Nan take Warwarau ta tsaya, matatar jini ta hau aiki kamar za ta fashe. Likita Asabe ta shigo a guje, ta duba allo, ta duba jakar, ta dafe kai.

Allo ya koma kore. Babu sauran ƙwayar daji ko ɗaya a jinin Tanimu. Ƙodarsa kuwa duka biyun sun tafi, ranar Laraba aka kai shi makwanci. Masu ƙera na'urar sun saka shi cikin waɗanda ta warkar.

Yanzu an ce sun fito da sabuwa, wadda ke jin ko numfashin sauro. Da na koma awo na tambayi Likita Asabe ko tana jin abin da mutum ya ƙi faɗa. Ta ce ana kan bincike.