Kwana Tara Kafin Motar Fatakwal

"Fadila, ɗaga zanenki in ga ƙafar nan."

"Ba komai fa, Hajiya..."

"Ban tambaye ki ko akwai komai ba. Ɗaga!"

Jikata ce, 'yar ɗiyata Zuhra. Haihuwar fari ta kawo ta gida wankan jego, yau kwana talatin da ɗaya. Ta ja zanen a hankali. A bayan ƙafarta ta hagu ga bororon ƙuna ya kai faɗin tafin jariri, ya tara ruwa.

"Yaushe kika ƙone?"

Ta kalli wurin kamar ƙafar wata ce. "Wallahi ban ji ba."

Shekara talatin na yi ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, na san fuskar yarinya mai ƙarya. Wannan gaskiya take faɗa. Tafasasshen ruwan wanka ya zubo mata, ƙafar ba ta gaya mata ba.

Na zari tsinken tsintsiya, na ce ta rufe ido. Na taɓa dama, ta zabura. Na taɓa hagu, daga ƙauri har babban yatsa. Shiru.

"Tun yaushe?"

"Tun ranar suna. Zuwa take tana tafiya. In na daɗe kan kujera ina ba yaron nono sai ta yi minjirya, can sai ta mutu. In na kwanta sai ta dawo." Ta kama hannuna. "Don Allah kar Inna ta ji! Cewa za ta yi sanyi ne, ta ƙara mini wani arba'in ɗin."

"To in ta ƙara fa?"

Idonta ya cika. "Motarsu ta Fatakwal... saura kwana goma sha takwas. In na gama arba'in na koma ɗakina, kwana tara kawai zan samu da shi, Hajiya. Tara! Sai kuma damina."

Mijinta Sa'adu shayi yake sayarwa can idan ya tafi cin rani. Tun da aka kawo ta, kullum bayan la'asar sai ya zo ya tsaya gindin dogon yaron ƙofar gida, wai gaisuwa. Kunyar surukai ba ta barinsa ya wuce zaure. Ita kuma sai ta sami dalilin shanya kayan jariri kusa da katanga. Ina ganinsu. Shi yana tari, ita tana kakkaɓe zanen da ya riga ya bushe.

Ban ɓoye wa Zuhra ba. Abin da Fadila take tsoro kuwa shi ta faɗa.

"Sanyi ne ya shige ta! Ruwan ne bai yi zafi ba. Daga gobe a ƙara ice, a ƙara kanwa a kunu. Ba inda za ta sai ta yi wata uku."

"Zuhra, ƙafar da ba ta jin zafi za ki ƙara wa wuta?"

"Haka aka yi mana, Hajiya. Ke kika yi mini!"

"Na yi miki, kuma kin ci sa'a. Uwata ma ta yi mini, ita ma ba ta san dalili ba."

Na ja mayafi na fita ƙofar gida. Yana nan gindin itacen.

"Kai, angona! Ka gama gadin bishiyar? Shigo."

"Hajiya, ai Inna tana ciki..."

"Ba cizo take ba. Matarka za ka ɗauka zuwa asibiti."

Takalmi ɗaya ya bari a zaure. Da ya ga ƙunar, sai ya durƙusa gabanta ya manta da kowa.

"Fadilata... me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Da na faɗa da ba a bar ni na dawo maka ba."

"Ni ƙafarki nake so ko kwana tara?"

"Ni kwana taran nake so," in ji ta, ta rushe da kuka.

Likitar mace ce, ta daɗe tana dubawa. Ta sa ta tafiya a kan dunduniya, ta ɗaga ƙafar, ta tambayi tsawon naƙudar. Ta ce ga alama jijiya ce ta dannu, ko lokacin haihuwar da ta daɗe, ko daga ƙashin baya. Yawanci tana farfaɗowa a hankali, amma ba ta yi alkawarin rana ba. Ba ruwan zafi, ba tsugunno mai tsawo, ba ɗaukar bokiti. In ƙafar ta fara ja, ko fitsari ya ƙi riƙuwa, a wuce babban asibitin Damagaram ranar, kar a jira.

Muna dawowa Zuhra ta sami sabuwar hujja.

"Kun ji ko? Ba aiki! Wa zai yi mata daka a can? Wa zai ɗebo ruwa? Nan za ta zauna."

A nan gaskiyarta ne. Sa'adu ya sunkuyar da kai.

"Zan fasa tafiyar, Inna."

"Ka fasa ku ci me?" in ji Fadila. "Geron bana ba zai kai mu azumi ba. Ka tafi, masoyi... ka tafi kawai."

Na dube su. Nawa mijin shekara goma sha ɗaya yana tafiya Ikko, kuma har yau ina iya lissafa kwanakin da aka hana mu don wai haka ake yi.

"Ni zan bi ta," na ce.

"Hajiya! Kaka a gidan jika? Me mutanen Matameye za su ce?"

"Su ce. Na yi ritaya, kunnena ma ya fara nauyi."

Ban jira arba'in ba. Washegari da hantsi muka tare a gidan Sa'adu, ni da buhun kayana da tabarmata. Fadila ta tsaya bakin ƙofar ɗakinta tana dafe da bango, ƙafar ta sake mutuwa. Sa'adu ya miƙa hannu, ya tuna da ni, ya janye.

"Kwana goma sha bakwai," ta ce masa a hankali.

"Na ƙirga," ya ce.

Na goya jaririn, na ce zan je gaida maƙwabta. Gida biyu ne kawai a lungun. Ban dawo ba sai da yaron ya nemi nono.