Kusurwar Bargon Mis Vernice

Ƙarfe takwas da rabi na safiyar huɗu ga Yuli aka kira Sufeto Boyd Culpepper, yana tsakiyar shan kofi. An sace bargo a ɗakin taron garin Sable Creek.

A wani gari sai a yi dariya. A namu kuwa, gasar bargon haɗin ƙyalle ta bikin 'yancin kai ta fi zaɓen magajin gari zafi. Sufeto bai ko ƙarasa kofin ba ya ɗauki hula.

Ya tarar da mai bargon, Mis Vernice Oakes, zaune a gaban bangon da aka ɗauke shi. Shekararta saba'in da shida, kuma ita ta koya masa karatu a coci yana ɗan yaro.

"Boyd, ka yi ƙiba," ta ce.

"Na gode, Mama. Faɗa min kamanninsa."

"Tutar ƙasa ce, amma layukan suna lanƙwasa kamar iska na kaɗa su. Taurari hamsin, kowanne na yanko shi daga rigar wani ɗan garin nan. Akwai ta soja, akwai ta nas, akwai ta mai haƙar kwal. Shekara biyu ina yi." Ta taɓa idonta. "Likita ya ce idona ba zai kai baɗi ba. Shi ne na ƙarshe."

Alƙalai za su fara duba barguna ƙarfe sha biyu. Wanda ba ya kan bango a lokacin ya fita daga gasa, ko na uwar gwamna ne.

Sufeto ya fara da maigadi, Clyde Ramey.

"Ƙarfe nawa ka kulle jiya?"

"Biyar cif, Yallaɓai. Ban matsa ko nan da can ba."

"To wa ya ci kaza har kashi biyu a rumfar matan coci ƙarfe shida? Ko kai ɗan tagwai ne?"

Clyde ya sosa ƙeya. "Minti ashirin kacal na yi, Yallaɓai. Ƙofar gefe na bari a buɗe. Amma rumfar tana kallon ƙofar, na rantse ba wanda ya fito da kaya."

Sufeto ya duba wurin da bargon yake. An zare sandar rataya an jingine ta a hankali, an mayar da tsani wurinsa. A kan tebur ga farar safar hannu, irin wadda ake sawa kafin a taɓa bargon gasa, an ninke ta tsaf. Ɓarawon da ke sa safa don kada ya ɓata kayan da yake sata, ai ba daga nesa ya zo ba.

Ya nemi Darlene Hutto, wadda ta ci ta ɗaya shekara biyar a jere. Ta zo da kwalliyarta da murmushinta.

"Kai, abin tausayi! Vernice ƙawata ce tun muna 'yan mata."

"Ina kike jiya ƙarfe shida?"

"Gida, ina gasa kek. Ni ko ganin bargon ma ban yi da kyau ba."

"Rubuta min haka, ki sa hannu."

Ta karɓi biro da hannun hagu ta rubuta. Sufeto ya ninke takardar ya sa a aljihu.

Sha ɗaya saura kwata. Tunda ba a fita da kaya ba, bargon yana cikin ginin. 'Yan sanda biyu sun riga sun birkice ɗakin ajiya na ƙasa, sai ƙura suka kwaso. Sufeto ya koma wurin Mis Vernice.

"Mama, da ke ce za ki ɓoye bargo a nan, ina za ki sa shi?"

"Ba dai ƙasa ba, akwai danshi. Ba kuma kusa da taga ba, rana za ta ci launinsa. Sai dai kabad ɗin katako na bayan dandamali, inda mawaƙa ke rataye riguna."

Can aka same shi. Ba a cusa shi cikin leda ba. An ninke shi da farar takarda a tsakanin ninki, an sa cikin wankakkiyar rigar filo.

Mis Vernice ta rungume shi, hawaye na zubo mata. Ni dai ban taɓa ganin tana kuka ba sai ranar. Ta shiga shafa bakin bargon da yatsu, daga wannan kusurwa zuwa waccan. A ta huɗu hannunta ya tsaya.

"Wannan ba ɗinkina ba ne."

"Kamar yaya?"

"Wannan kusurwar a karkace na bar ta, don idona ya ƙi. Yanzu ga ta a miƙe sambal. Kuma ɗinkin daga hagu ya taso zuwa dama. Bahaguwa ce ta yi shi."

Shugabar gasar, wadda ke tsaye a wurin, ta dafe ƙirji. Dokar rukunin da Mis Vernice ta shiga a fili take: hannu ɗaya kaɗai zai yi ɗinki. In akwai zaren wani a jiki, ko taƙi ɗaya ne, an soke bargon.

Sufeto ya sa aka dawo da Darlene. Ya shimfiɗa kusurwar a gabanta.

"Bahagwai nawa ne a cikinku masu ɗinkin bargo?"

Ta kafe ido a kan kusurwar. Sufeto ya ci gaba.

"In sa a kawo bargonki mu jera ɗinkin biyu, ko za ki hutar da mu?"

Murmushin nan ya tafi. Ta zauna a kujera.

"Ni ce. Ina ganinsa jiya na san tawa ta ƙare. Na ce in ɓoye shi har a gama duba, sai in mayar. Ina cikin ninkewa na ga kusurwar nan. Wallahi ban yi don a soke shi ba, Vernice. Aiki mai kyau haka, da kusurwa a karkace? Zuciyata ta kasa ɗauka. Allura tana jakata, kafin in ankara na gyara."

"Ke dai har a sata sai kin nuna kin fi kowa iyawa," in ji Mis Vernice.

Sha ɗaya da minti ashirin. Ta ciro ƙaramin almakashi ta farke ɗinkin Darlene da lalube, zare bayan zare. Sai ta ɗauko allura. Sau uku tana gwada zura zare, sau uku yana wucewa ta gefe.

Sufeto ya riga ya kama Darlene a gwiwar hannu zai fita da ita.

"Dakata, Boyd," Mis Vernice ta ce. Ta juya wurin shugabar gasa. "Zura zare ɗinki ne?"

"A'a, ba ɗinki ba ne."

Ta miƙa allurar wajen da take jin numfashin Darlene. "To zo nan, ɓarauniya. Zura min guda uku kafin ki tafi."

Darlene ta zura su tana kuka, kowacce a gwaji ɗaya, ta soke su a jere a hannun rigar tsohuwar ƙawarta. Sannan Sufeto ya fita da ita zuwa mota.

Sha biyu saura minti huɗu aka rataye bargon, da kusurwarsa a karkace. Alƙalan sun shigo da takardunsu, suka tsaya a gabansa, suka daɗe suna kallonsa, ba wanda ya rubuta komai.