Irin Kankanar Sharaɗa

Ana gab da kiran magariba, Ɗayyabu na zaune a tsakar gidansa na Ɗorayi yana cire takalmin aiki, 'yarsa Rumaisa kuma na tsugune a bayan ɗaki tana ba kankanarta ruwa. Da hannunta ta yi komai. Wata kankana ce mai zaƙi mahaifinta ya kawo a ƙarshen damina, ta tsince 'ya'yan ta wanke, ta shanya a inuwa, ta adana a kwalba da ɗan toka. Da sanyi ya ja baya ta naɗe su a jiƙaƙƙen tsumma har suka tsiro, sannan ta dasa a ramin taki. Yanzu yaɗon ya rufe ƙasa, har ya fara 'ya'ya.

Sai dutse ya faɗo a kan kwanon rufi. Wani ya biyo baya. Ɗayyabu ya leƙa waje, layin shiru, ko akuya babu.

Haka abin ya ɗore duk magariba. Jifa, sannan wata murya ƙasa-ƙasa daga cikin ganyen kankanar, kamar tsohuwa na mita. Hansatu, matar gidan, ta hana kowa zuwa bayan ɗaki, amma Rumaisa ba ta hanu ba. Wata Alhamis suka tarar da ita kwance cikin yaɗon, idanu a kafe, tana tauna ƙasa.

Aka ɗauko Malam Abdulbaƙi daga Na'ibawa, dattijo mai ruƙiyya. Matan maƙwabta suka cika bakin ƙofa. Malam ya daɗe yana karatu a kunnen yarinyar, duhu na sauka a hankali, kafin ta miƙe zaune. Muryar da ta fito daga bakinta ta tsohuwa ce.

"Ya isa. Kana ƙona ni."

"Ke wace ce?" in ji Malam.

"Mai kankana. Tambayi mai gidan nan inda ya samo ta."

Ɗayyabu ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Allah gafarta Malam, abokin aiki ne ya ba ni a Challawa."

Muryar ta yi wata busasshiyar dariya. "Challawa! Rabonsa da majemar Challawa tun kafin damina. An sallame shi. Kullum sai ya sa kayan aiki ya fita da sassafe. In ya samu dako a bakin titi ya yi, in bai samu ba ya zo Sharaɗa, tsohuwar masaƙar da aka rufe, inda muke zaune. A gindin bangonmu yake cin abincin da matarsa ta zuba masa, yana share hawaye."

Ɗayyabu ya ji idanun matan ƙofa a bayan wuyansa. Ya so ƙasa ta tsage. Bai iya duban inda Hansatu take ba.

"Mun ƙyale shi," muryar ta ci gaba, "don mun ga mai neman maɓoya ne irinmu. Sai ya tsinke kankanar da na shuka wa jikokina, ko sallama babu. Ga irina a gidansa."

"Yarinya ba ta ɗaukar miki komai ba," in ji Malam. "Fita."

"A yanka min baƙar akuya."

"Ba a yanka sai don Allah."

"To sai in shanye hannun da ya dasa."

Malam ya ɗaga murya da karatu. Jikin Rumaisa ya shiga kyarma, muryar ta koma ihu, ta koma magiya. Can ta ce, "Na ji, na ji! A mayar min da iri daga kankanar da ta fara nuna. Mai gidan ne zai kai da kansa."

"Mayar da abin mutane hakki ne. Bayan wannan ba kya bin gidan nan komai. Rantse."

Ta rantse. Rumaisa ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sulale jikin mahaifiyarta tana kiran, "Umma."

Matan suka zame ɗaya bayan ɗaya. Bayan an raka Malam, Ɗayyabu ya zauna a bakin ƙofar ɗaki, kansa tsakanin gwiwoyi. Hansatu ta zo ta tsaya a kansa.

"Baban Rumaisa, da ka faɗa min."

"Da wane bakin?"

"Aljana ta san halin da kake ciki, ni da muke kwana ɗaki ɗaya ban sani ba." Ta tsuguna a gabansa. "Kana ganin kai kaɗai ka ji kunya yau?"

Jifa bai sake faɗowa ba. Da kankanar farko ta nuna, Rumaisa ta wanke irin ta ƙulle a tsumma. Ɗayyabu ya sa rigarsa ta gida zai fita, sai ya ga Hansatu ta zura hijabi. Ta ce tare za su je.

A harabar masaƙar, cikin ciyawa da tsatsar ƙarafa, ya yi sallama, ya tona ƙasa da yatsunsa ya binne irin. Da ya juyo, Hansatu na tsaye gaban bango, tana kallon wani gurbi da zaman mijinta ya murje har ƙasar ta yi sumul. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta tattare hijabinta ta zauna a wurin, ta ɗan matsa gefe ta bar masa fili.