Maus Ɗin da Ba Shi da Batir

Rana ta kusa faɗuwa lokacin da Kawu ya miƙo mini makullan ofis ta tagar mota.

"Ka hau ka gyara mini maus ɗin kwamfutar nan. Gobe ƙarfe takwas mai bene zai zo ganin zane. In na tarar yana tsinkewa, ko na tarar an taɓa mini aiki, ka tattara takalmanka ka koma wajen uwarka. Wannan karon ko kuka za ta yi ba zan saurare ta ba."

"Haba Kawu, ni ne fa. Kwamfutar da za ta gagare ni ba a ƙera ta ba tukuna."

"Haka ka ce wa makaranta ma," in ji shi, ya ja motarsa.

To, a nan ya yi gaskiya. A aji biyar na bar sakandare, ba don rashin ƙwaƙwalwa ba, ita kam har ta yi mini yawa, sai don wani kwaɗo da ya tsinci kansa a aljihun malamin lissafi. Bayan nan wuri uku aka kore ni daga aiki. Ofishin Kawu shi ne na huɗu, kuma sai da Inna ta durƙusa gaban yayan nata kafin ya ɗauke ni. In na fita daga nan, ban san da wane ido zan kalle ta ba.

Kawu zanen gine-gine yake yi, ofishinsa yana hawa na uku na wani tsohon bene. Aikin da ya shafe wata uku yana yi na wannan hawan ne. Mai benen yana so a fasa bangaye a mayar da wurin babban zaure, har da wani ɗaki a ƙarshen baranda da yake kulle tun kafin Kawu ya kama haya. Babu wanda ya san inda makullinsa yake.

Kwana goma ke nan, da yamma ta yi sai maus mara waya ya mutu a hannun Kawu. Bulutut ɗin laftof, wato abin da ke haɗa su ba tare da waya ba, ya ɓace ɓat, har 'yar alamarsa ta ƙasan allo. Da safe ya dawo kamar bai je ko'ina ba.

Akwai abin da Kawu bai sani ba. Sati biyu kafin nan na haɗa wani maus nawa da laftof ɗin a ɓoye. Anti sakatariya tana buga wasiƙa, ni ina laɓe bayan kabad ina juya mata kibiyar allo. Ta yi dama, in yi hagu. Ta zabga salati, ta kifar da kofin shayi, ta fita babu takalmi ɗaya. Wallahi ko yau na tuna sai cikina ya ƙulle. Da na ji takun Kawu a matakala, na zare batir biyun na jefa a jakata, na ruga baranda na cilla maus ɗin ta 'yar tagar da ke saman ƙofar ɗakin nan da ke kulle.

Ban ji faɗuwarsa ba. Na lura da hakan a lokacin, amma dariya ta hana ni tunani.

Baba mai gadi yana bakin ƙofar bene yana alwala.

"Injiniya, yanzu za ka hau?"

"Minti goma, Baba. Kafin ka sallame na sauko."

"To. Ni dai daga wannan lokacin ba na wuce hawa na biyu."

"Gwiwa ce ta fara?"

Ya zuba ruwa a ƙafarsa, bai ɗago ba. "Ka ce gwiwa ce."

Kowa ya tashi. Shagon ɗinki na hawa na biyu a kulle, ƙamshin guga kawai ya rage a matakala. Na buɗe ofis, na kunna fitila da fanka, na haye kujerar Kawu na ɗora ƙafa a tebur, abin da ba na samu da rana.

Na bi aikin daki-daki. Na sa wa maus ɗin Kawu sabon batir. Na kashe laftof na kunna. Na shiga inda take tattalin caji, na hana ta kashe bulutut da kanta, don sau da yawa nan ɓarawon yake ɓuya. Na cire manhajar da ke tafiyar da shi na sake zuba sabuwa. Maus ya kama, kibiya tana gudu kamar an shafa mata mai.

"Wa ya gaya maka ana ja da ni?" na ce wa laftof, na buga mata tebur.

Ta taga na ga jan sama yana dushewa. Fanka tana juyawa, ƙyas, ƙyas, ƙyas.

Sai kibiya ta tsaya.

Na girgiza maus. Shiru. Na duba ƙasan allo, alamar bulutut ta ɓace a kan idona. Na shafa ɗan faifan yatsa na jikin laftof, na buɗe jerin abubuwan da aka taɓa haɗawa da ita. Maus ɗin Kawu ya dushe. Sifika ta dushe. Abin sa wa a kunne ya dushe.

Akwai na huɗu. Shi bai dushe ba.

Maus ɗina ne. Ashe ban goge sunansa ba. Duk mai gyara ya san in ka haɗa abu ka gama, sai ka cire shi daga jerin, in ba haka ba kamar ka ba baƙo makullin gida ne ka manta ba ka karɓa ba. Ni da nake koya wa mutane wannan, ni na manta.

A ƙarƙashin sunan an rubuta yana haɗe.

Na sauke ƙafata daga tebur. Na san iyakar maus ɗin nan, don sai da na auna kafin in tsokani Anti. In ya wuce taku goma sha biyu, tsinkewa yake yi. Daga kujerar nan zuwa ɗakin ƙarshen baranda taku talatin ne, da bango biyu a tsakani.

Kibiya ta motsa.

Hannuwana duka suna kan cinyata.

Na yi dariya, amma ba ta fito da kyau ba. "Anti, na gane ki. Ramuwa ce ko? Fito, kin ci."

Babu amsa. Na ɗauki waya na kira ta. Ta ɗauka, ina jin kukan jaririnta da ƙarar talabijin.

"Kai shaƙiyyi, lafiya? Ina gida, hannuna duk sabulu."

Na kashe. Na zura hannu a jakata da ke rataye a wuyana. Batir biyu, suna nan inda na jefa su.

Daga baranda na ji shi.

Kit.

Ƙarar danna maus. Ƙarama, a bushe.

Kit-kit.

Zanen Kawu ya buɗe a allo. Kibiya ta bi barandar cikin zanen a hankali, kamar mai tafiya a gidan da ya sani, ta tsaya daidai inda Kawu ya share bangon ɗakin nan. Ta ja layi. Ta ja wani a gefensa. Bango ya dawo.

Wani wari ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa. Warin tsofaffin takardu da suka sha ruwa, da ƙaurin waya in ta fara narkewa.

Zanen ya rufe. Kibiya ta cafki fayil ɗin, ta fara jan shi zuwa kwandon shara.

Wata ukun Kawu. Gwiwoyin Inna a ƙasa.

Na kai yatsa kan faifan na ja baya. Kibiya ta tsaya tana rawa a tsakiyar allo. Na ja, aka ja. Wanda ke ɗaya ɓangaren ya fi ni ƙarfi, kuma ba ya gaggawa.

Kit.

Yanzu a bayan ƙofa yake.

Na bar faifan na doki maɓallin fasawa. Fayil ya kuɓuce ya koma wurinsa. Kibiya ta juya, ta sake nufarsa.

Ƙafafuna suka ce mu tafi. Na ce musu ku dakata.

Kibiya tasa ce, amma maɓallan rubutu nawa ne. Na koma jerin nan da maɓallai kawai, ina tsallake layi ɗaya-ɗaya. Na wuce maus ɗin Kawu. Na wuce sifika. Ya sake cafkar fayil, na sake dukan fasawa, na koma farko.

Fanka ta tsaya. Fitila ba ta mutu ba, ta dai yi ja kamar garwashi.

Hannun ƙofa ya sauka a hankali.

Ban juya ba. Na kai kan sunan. Na zaɓi cirewa. Laftof ta tambaye ni ko na tabbata.

Kibiya ta saki fayil, ta zabura ta nufi A'a.

Na riga ta.

Sunan ya ɓace. Kibiya ta sandare.

Shiru.

Wani ɗan akwati ya fito a gefen allo. Sabon maus yana neman a haɗa shi.

Sanyi ya sauka a bayan wuyana, kamar an buɗe firij. Muryar ba ta da ƙarfi, kamar ana goga takarda da takarda, daf da kunnena na hagu.

"Kai ka jefo mini."

Ayar da na sani tun ina ƙarami ta gudu ta bar ni.

"Wasa nake yi," na ce, da ƙyar.

"Ni ma."

Na kifa murfin laftof, na rungume ta a ƙirji, na juya.

Ƙofa a buɗe. Maus ɗina yana tsaye a iska, daidai tsayin ƙugun mutum, kamar a tafin hannu. Jar fitilar cikinsa tana ci. Ramin batir a buɗe, fanko.

Babu wata hanya sai ta nan.

Na runtse ido na ce Bismillahi na kutsa. Kamar na ratsa jiƙaƙƙen labule. Na faɗa baranda ina ƙirga taku. Uku. Biyar. Bakwai.

Aka riƙe igiyar jakata ta baya.

Ta shaƙe ni. Na ji ana jawo ni, takalmina yana zamewa a siminti.

Na sunkuyar da kai na zame daga cikinta.

Goma sha ɗaya. Goma sha biyu. Goma sha uku.

Matakalar ban san yadda na sauke ta ba. A hawa na biyu na yi karo da Baba mai gadi, yana tsaye da tocila, ƙafarsa ɗaya a kan matakin farko na hawa na uku, ya kasa ɗora ta biyun. Ya haska fuskata, ya haska laftof.

"Gwiwa ce, Injiniya," ya ce. "Zo mu sauka."

Da safe na faɗa wa Kawu komai, har da abin da na yi wa Anti. Ta rafka mini fayil ɗin takardu a ka.

"Ashe kai ne, ɗan banza! Kwana uku ina shan rubutu saboda kai!"

Kawu bai yi dariya ba. "A duk ƙaryar da ka taɓa shirgawa, wannan ta fi tsari," ya ce. Ya buɗe zanen. Komai yana nan, sai bangon da ya dawo. Ya matso da fuskarsa, ya auna kaurin layin, ya sake aunawa. Bangon ya fi na sauran ɗakunan kauri da taƙi guda, kuma babu wanda ya taɓa shiga ciki balle ya san haka.

Ya bar bangon a zanen, bai share shi ba.

Da mai bene ya zo, Kawu ya ce masa wannan bangon a bar shi, akwai abin da yake ɗauke da shi. Ni kuma ya ce tunda aikinsa na nan, ni ma ina nan. Ya aike ni na sayo maus mai waya. Labarin aljani, in ji shi, in ajiye wa abokan shiririta. Amma tun daga ranar, ƙarfe biyar na yi shi ne farkon mai neman makullin mota.

Jakata kuwa a rataye muka same ta a hannun ƙofar ofis, an zuge zif ɗinta tsaf. Babu abin da ya ɓata a ciki sai batir biyun nan.

Har yau ni ne gwanin gyara a benen, a tambayi kowa. Tsokana ce dai na rage. Wani lokaci in ina haɗa wa wani sifika da yamma, laftof ta shiga laluben abubuwan da ke kusa, sai sunan ya fito a ƙasan jerin, yana jira a danna shi. A gefensa akwai 'yar alamar caji.

A cike take.