Zoben da Ya Tsinke a Rijiyar Gagarawa

Rana na tsaka, a shekarar 1927, Sufeto Ishaku ya iso Gagarawa daga Gumel, dokinsa na kumfa. An riga an fito da gawar Gudaji mai haƙar rijiya. Sarƙar ƙarfen da ya sauka da ita ce ta tsinke.

Sufeto ya bi sarƙar zobe-zobe. Duk baƙa ce wuluk, sai zoben da ya tsinke, fari ne, ya yi ramuka kamar gara ta ci.

Bai zauna ba, ya wuce maƙerar Ɗantsoho, maƙerin garin.

"Kai ka wanke sarƙar nan?"

"Ni ne, ranka ya daɗe. Da ruwan batir na cire tsatsar, wurin Haladu direban motar gyaɗa na samo."

"Ruwan da ke cin ƙarfe?"

"Sai da na dafa bagaruwa da lalle na zuba a ciki. Su ke lulluɓe ƙarfen, ruwan ya ci tsatsa kawai."

Sufeto bai yarda ba. Ya sa aka jefa ƙusa a ruwan batir zalla, wata a gaurayen. Yana ta kai da kawowa har la'asar. Ta farko ta yi ta kumfa, ta rame. Ta biyu ta fito baƙa, lafiya lau.

Washegari ya tare Haladu a kasuwar Maigatari, ya tambaye shi wa da wa ya ba ruwan batir.

"Maƙeri kaɗai na ba," in ji direban, idonsa a ƙasa.

"To zo mu je Gumel ka faɗa wa alƙali."

"Tsaya, yallaɓai! Akwai Sajo mai tufka igiya, kawun Gudaji. Ya ce gidan tururuwa zai zuba wa."

Sufeto ya juya doki. Ya tarar da Sajo a ƙofar gida wurin zaman makoki, ga tulin igiyoyi a zaure sun yi ƙura. Ya ja shi gefe.

"Baba, ka san ruwan batir?"

"Ban taɓa ganinsa ba."

"Miƙo hannun rigarka."

Ƙananan huda ne birjik, bakinsu a ƙone. Yatsunsa ma sun saɓule.

Sajo ya sulale ƙasa. "Tun da sarƙar nan ta zo, ba mai sayen igiyata. Zobe ɗaya na jiƙa. So nake ta tsinke da gugan ƙasa, mutane su ce ƙarfe ba amana. Wallahi da igiyata Gudaji yake sauka kullum. Ranar nan ya ce ta tsufa, ya kama sarƙa."

"Kana wurin?"

"Ina wurin. Na buɗe baki, sai na ji tsoron tonon asiri."

Ɗan dokan da ya rako Sufeto ya kama hannun Sajo. Suna wucewa, Zuliha mahaifiyar Gudaji ta leƙo daga zaure.

"Yaya, ina za su kai ka?"

Sajo bai iya waiwayowa ba.