Ruwan Da Ke Zuwa Ta Baya

Hajji Bahit ya ajiye kofin gahawa a gaban Musallam, bai sha ba.

Tuful, 'yar Musallam, tana bayan labule da kaskon turaren lubban a hannu. Ta hango kofin a kan darduma yana tururi.

A wurinmu, nan yankin Zufar, baƙo ba ya ajiye kofi sai da buƙata. Mai gida kuma ba ya bari gahawarsa ta huce a gaban maza.

Musallam ya yi murmushi. Suhail ɗan Bahit ya daɗe yana neman Tuful, don haka ya ɗauka ranar aure aka zo sawa.

"Sha gahawarka, Baban Suhail. Abin da ka zo nema ka samu."

"Tun ban faɗa ba?"

"Tun ba ka faɗa ba. Ga shaidu nan zaune."

Bahit ya ɗauka ya shanye, ya shafa gemu.

"Aure yana nan, Baban Mahad, in yayyafin bana ya wuce. Abin da ya kawo ni yau daban ne. Ina so 'yarka ta sa hannu a sabon zanen otal. Gidan shaƙatawa zai koma kan zirin yashi."

Kaskon ya suɓuce daga hannun Tuful, garwashi ya warwatse a ƙasa.

Ita ce ta zana wa Bahit otal ɗinsa na Hor Shinat, wani tafki da ke bakin teku, gabas da Salala. Karatun zanen gini ta yi a Maskat. Ta ɗora komai a kan tudun dutse: ɗakuna suna fuskantar teku, baranda mai zurfi, rufi mai gangare saboda yayyafi, tagogi gaba da baya don iska ta ratsa, itatuwan kwakwa suna ba da inuwa. Gidan shaƙatawa, da wurin cin abinci da wurin ninkaya, ta sauko da shi ƙasa kaɗan, amma shi ma a kan dutse.

Zirin yashin da ya raba tafkin da teku kuwa, ko benci ba ta sa a kai ba.

A nan yayanta Mahad ya mutu. Kowa ya sani. Shi ya sa Bahit yake son sa hannunta, ba na wani ba. Hukumar gari tana ɗari-ɗari da wurin. In 'yar Musallam da kanta ta ce lafiya, wa zai ƙara magana?

Baƙi na fita ta shigo.

"Baba... ka san abin da ka ba shi?"

"Yanzu na sani."

"To ka bi shi, ka ce masa..."

"In ce masa me? Ya amayo gahawar?"

"Baba, wurin Mahad ne fa!"

Musallam ya kau da kai.

"Ni na haife shi, ba sai kin tuna mini ba. Na ba da magana a gaban maza. Ke ce mai ilimi, ki nemo yadda ginin zai tsaya."

"Ba ya tsayuwa, Baba."

"To ni ma ba zan ƙara tsayuwa a cikin mutane ba."

Ya ɗauki sandarsa ya tafi masallaci.

Washegari ta tarar da Galiya a ofishin wurin aiki, zaune a kan teburinta tana shan ruwan kwakwa. Galiya 'yar ƙanen Bahit ce, ita ke tsara adon cikin ɗakuna. Tun suna yara dangi ke kiranta matar Suhail. Ita ta kawo shawarar zirin yashi.

"Amarya! Kin rame. Ko zumuɗi ne?"

"Sauka mini daga kan zane, Galiya."

"Wane zanen? Tsohon?" Ta yi dariya. "Haba 'yar'uwa, ruwa hagu, ruwa dama, rana tana faɗuwa, 'yan Dubai suna ɗaukar hoto! Ke kuma kin ɗora mutane a kan dutse kamar awaki."

"Awaki sun san abin da suke yi."

"To sai ki auri bunsuru." Ta sauko, ta gyara mayafi. "In kin ƙi, babanki ya ci maganarsa, Baffa ya janye ɗansa. In kin sa, ai shi ke nan. Ni dai na riga na ɗinka kayan biki. Ban dai sani ba ko na ƙawar amarya ne ko na amarya."

Ta fita, Suhail ya shigo. Daga ganin idonsa shi ma bai runtsa ba.

"Tuful... rabin raina, dube ni mana."

"Ka san babanka zai zo gidanmu?"

"Wallahi ban sani ba. Da na sani da na tare shi a hanya."

"Da ka tare shi? Kai?"

Ya sunkuyar da kai.

"Saurare ni, hasken idona. Za a kafa ginshiƙai masu zurfi, a zuba siminti har sai ya gaji. In aka ce guguwa na tafe, mu kwashe kowa. Ni zan riƙe wurin, ba wani ba. Baba ya ce a yi mana ɗaki a sama, ni da ke, mu tashi muna kallon ruwa..."

Ta dafe teburi.

"Kai za ka kwana a can?"

"Mu biyu."

"Innalillahi... Suhail, kar ka ƙara faɗa!"

"Me na ce?"

"Fita. Don Allah fita."

Ya kai bakin ƙofa ya juyo.

"Juma'a bayan salla Baba zai yanka awaki a can, a kan zirin. A nan za ki sa hannu, a nan za a sa rana. In ba ki zo ba... kin san wadda zai ba ni. Ba na so, Tuful. Wallahi ba na so."

Kwanakin da suka rage abinci bai wuce mata ba. Duk sanda aka buɗe famfo a gidan sai ta zabura. Mahaifinta bai ƙara yi mata maganar ba. Ya daina zuwa zaman dattawa na bakin kasuwa, shi ke nan.

Ran Juma'a ta tafi.

An kafa rumfa a tsakiyar zirin. Ana gasa nama a kan duwatsu masu zafi, hayaƙi yana tashi. Maza suna gefe ɗaya, mata suna gefe ɗaya. Sama a nan garau take. Amma can a kan tsaunuka gajimare ya yi baƙi, ya zauna.

Tuful ta tsaya a inda dutse ya ƙare yashi ya fara. Tun tana ƙarama ba ta ƙara taka wurin ba.

Suhail ya baro rumfa ya zo.

"Taho, masoyiyata. Ina kusa da ke."

Ta sa ƙafa ɗaya. Yashin ya lotsa. Ta cije leɓe ta sa ta biyu.

Teku yana dama yana bugu. Tafkin yana hagu, shiru, ko motsi ba ya yi. Shi take kallo.

"Ka san yadda aka yi?" ta ce.

"An ce ruwa ne ya ci shi."

"Wane ruwan?"

"Teku mana."

"Kowa haka yake cewa. Rana ce irin ta yau, Suhail. Ko ɗigo bai sauka a nan ba. A kan tsauni aka yi ruwan, mu ba mu sani ba. Mahad yana wanke taru, ni ina tsintar katantanwa. Sai na ji ƙafata ta jiƙe. Na duba teku, yana inda yake. Ta baya ruwan ya zo."

Suhail ya waiga ya dubi tafkin.

"Kwarin nan duk a cikin tafkin yake zubewa. In ya cika, ƙofa yake nema, wannan yashin kuwa shi ne ƙofar. Mahad ya ɗauke ni ya jefa ni kan dutse. Na juyo in miƙa masa hannu... babu yashi, babu shi. Ja ne ruwan, da itatuwa a ciki, da saniya."

"Amma ginshiƙan..."

"Ginshiƙan za su tsaya. Mutanen da ke wurin ninkaya fa? Yara fa? Masu dafa abinci da Galiya ta sa wa ɗaki a ƙasa fa? Hanyar fita ɗaya ce, ita ruwan zai fara ci. Wa zai buga maka waya daga kan tsauni?"

Ta durƙusa, ta tona yashin da hannu. Kafin ta kai gwiwar hannu ramin ya cika da ruwa.

"Ɗanɗana."

Ya tsoma yatsa ya kai baki. Fuskarsa ta canja.

"Gishirinsa kaɗan ne..."

"Na tafki ne. Ko yanzu yana ratsawa ta ƙarƙashinmu."

"Kai ango!" Galiya ta ɗaga murya daga rumfar mata. "Rijiya kuke haƙa mana? Nama yana hucewa!"

Aka yi dariya. Suhail bai yi ba.

Bahit yana zaune a kan darduma, zanen a shimfiɗe a gabansa, an danne gefunansa da duwatsu saboda iska. Musallam yana kusa da shi, ya riƙe sanda da hannu biyu, idonsa a ƙasa.

"Zo nan, 'yata," in ji Bahit. "Ga alƙalami. Yau ke 'yar gida ce."

Ta durƙusa ta karɓa. Ta dubi mahaifinta. Ya tsufa cikin kwanakin nan. Ta dubi Suhail. Ta dubi zanen: ga wurin ninkaya na yara, an zana shi a gefen tafki, da ƙananan laimomi kewaye da shi.

Can nesa aka yi tsawa a kan tsauni. Ba wanda ya ɗaga kai sai ita, da Musallam, da Suhail.

Ta ajiye alƙalamin.

"Baffa, ka gafarce ni. Baba, ka gafarce ni. Ba zan iya ba."

Bahit ya juya ya dubi Musallam.

"Baban Mahad," Bahit ya ce a hankali, "maganarka ke nan?"

Musallam ya ɗago kai.

"Na ba ka abin da ba nawa ba, Bahit. Ka faɗa a kasuwa, ka faɗa a masallaci. Zan zauna in ji."

"Zan kuwa faɗa!" Bahit ya miƙe, ya naɗe zanen da ƙarfi. "Masu zane sun ƙare ne a duniya? 'Yan mata sun ƙare ne? Gidan da ba a riƙe magana, ɗana ba ya shiga. Galiya, kira direba!"

Galiya har ta riga ta miƙe.

Tuful tana durƙushe, hawaye yana ɗiga a kan yashi. Ba ta dubi kowa ba. Ta ji takun maza suna tashi ɗaya bayan ɗaya, suna bin Bahit. Sai ta ga inuwa ta tsaya a gefenta, ba ta gusa ba.

"Tashi, rabin raina," Suhail ya ce ƙasa-ƙasa. "Mu bar kan yashin nan. Baffa Musallam, kawo hannunka."

Bahit ya juyo daga bakin dutse.

"Suhail! Wuce mu tafi."

Suhail bai motsa ba.

"Da kai nake! Otal ɗin nan naka ne, gidana naka ne, ga 'yar baffanka. Ka taho yanzu, ko kar ka ƙara tahowa."

Suhail ya riƙe hannun tsohon, ya dubi mahaifinsa.

"A'a, Baba. Ba zan zo ba."